Ƙuri'a huɗu, asibitin dala biliyan ɗaya da rabi: cinikin Wilmington da rawar jaridu

Ranar 5 ga Oktoban 2020, saura ƙasa da wata guda a yi babban zaɓe a Amurka, kwamishinoni biyar na gundumar New Hanover da ke jihar Karolina ta Arewa suka zauna kan makomar asibitin gundumar. Huɗu suka ce a sayar, ɗaya ya ce bai yarda ba. Da haka asibitin da jama'a suka mallaka shekara 53, mai gadaje kusan 800 da ma'aikata sama da 7,000, ya koma hannun kamfanin Novant Health a kan dala biliyan ɗaya da rabi. Har yau idan aka tayar da zancen a birnin Wilmington, hedikwatar gundumar, sai mutane sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da ƙorafinsa kan 'yan jarida. Masu goyon baya suna ganin an zuzuta masu hayaniya, masu adawa suna ganin an yi wa manya kara.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a san mece ce gunduma a can. Ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, don tana karɓar harajin gidaje da filaye da kanta, tana ba makarantu kuɗi, tana kula da gidan yari da lafiyar jama'a. Waɗanda ake kira kwamishinoni kuwa ba naɗaɗɗun gwamna ba ne, zaɓarsu ake yi kamar kansiloli. Su ne ke ɗaukar manaja mai albashi ya tafiyar da ayyukan yau da kullum. New Hanover gunduma ce ƙarama a bakin Tekun Atlantika, mutanenta kimanin dubu 225 ne a ƙidayar 2020, amma asibitinta shi ne madogarar gundumomi da dama na kudu maso gabashin jihar, kuma shi ya fi kowa yawan ma'aikata a garin.

Wanda bai san yadda aka haifi asibitin ba, ba zai gane zafin da mutane suka ɗauka ba. Kafin 1967 asibitoci biyu ne a Wilmington. James Walker Memorial na farar fata ne, baƙaƙe ba su da wuri a ciki sai wani ɓangare da aka ware musu, likitocinsu kuma ba a barinsu su yi aiki a can. Community Hospital shi ne na baƙaƙe. Wani likita baƙar fata, Hubert Eaton, ya yi ta kai ƙara har kotun tarayya ta ba shi gaskiya a 1964. A ɗaya hannun kuma an sa jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 1961 kan ko gunduma ta ci bashi ta gina sabon asibiti guda na kowa da kowa, kuma da ƙyar shawarar ta tsallake, don baƙaƙe da yawa suna tsoron a rufe nasu su koma 'yan rakiya a na wasu. A watan Yunin 1967 aka buɗe sabon, aka rufe tsofaffin biyu. Wato da ƙuri'ar talakawa aka gina shi. Da aka zo sayarwa, masu adawa suka nemi a sake komawa ga talakawan, hukumar gunduma ta ce dokar jiha ba ta ba ta hurumin shirya irin wannan ƙuri'a ba. Ta fuskar doka hujja ce mai ƙarfi. Ta fuskar zuciya kuwa, tabon bai warke ba.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai tun farko shi ne asibitin ba ya cikin matsala. Yawancin asibitocin gwamnati da ake sayarwa a Amurka sai bashi ya yi musu katutu. Wannan kuwa yana samun rara, kuma ba ya karɓar kuɗin harajin gunduma don gudanar da aikinsa. To me ya yi zafi? Manajan gunduma Chris Coudriet da shugaban asibitin John Gizdic, waɗanda suka fito da zancen a watan Yulin 2019, sun ce ai lokacin da saniya take da ƙiba ake kai ta kasuwa. Jama'a na ta ƙaura zuwa yankin, yawancinsu tsofaffi masu ritaya, ana bukatar gine-gine da na'urori na biliyoyin daloli, ga kuma ƙa'idojin da ke ɗaure hannun asibitin gunduma idan zai ci bashi ya yi gini a wajen iyakarta. Sannan kaso mai yawa na majinyata suna ƙarƙashin inshorar gwamnati ta Medicare da Medicaid, waɗanda ba sa biya kamar kamfanonin inshora masu zaman kansu, kuma a lokacin jihar ba ta faɗaɗa Medicaid ga talakawa ba (sai a Disamban 2023 ta yi hakan), don haka marasa inshora suna da yawa.

Waɗannan dalilai ba ƙarya ba ne. Amma ɗaya ɓangaren ma yana da nasa. Asibitin kusan shi kaɗai ne babba a yankin, dokar jihar kuma ta hana a gina sabon asibiti sai an samu takardar shaidar cewa akwai bukata. Duk wanda ya saye shi ya sayi kasuwar da ba kishiya. Binciken da masana tattalin arziki suka yi ƙarƙashin Zack Cooper na Jami'ar Yale ya nuna asibitin da ba shi da abokin gasa a kusa yakan fi tsada da kimanin kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda ke da kishiyoyi huɗu ko fiye. Muddin asibiti na hannun gunduma, kwamishinoni ne ke naɗa hukumar gudanarwarsa, mai jin haushi yana iya ramawa a akwatin zaɓe. Ranar da ya koma hannun kamfani mai hedikwata a Winston-Salem, tafiyar sa'o'i a mota, wannan igiyar ta tsinke.

Ga kuma gani ga wane. A watan Fabrairun 2019, watanni kaɗan kafin a fara wannan zance, kamfanin HCA, wanda ya fi kowane kamfanin asibitoci na neman riba girma a Amurka, ya sayi Mission Health a birnin Asheville da ke yammacin jihar, shi ma a kan dala biliyan ɗaya da rabi. Ba a jima ba ƙorafi ya fara fitowa kan ƙarancin ma'aikata da ficewar likitoci, ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 2020, daga bisani a Disamban 2023 babban lauyan jihar, Josh Stein, ya maka HCA a kotu bisa zargin saɓa alƙawuran cinikin. HCA na cikin kamfanoni shida da suka taya asibitin Wilmington, amma bai kai zagayen ƙarshe ba. Atrium da Duke da Novant ne suka rage, dukansu masu rajista a matsayin cibiyoyin da ba na neman riba ba. A lura dai, wannan laƙabi a Amurka ba ya nufin sadaka. Abin da yake nufi shi ne babu masu hannun jari da ake raba wa riba, kuma an yafe musu wasu haraji, amma kuɗin magani suna karɓa, manyansu kuma albashinsu ya kai miliyoyi.

Siyasar cikin majalisar ita ce ta fi ba da sha'awa, don ba ta bi layin jam'iyya ba. 'Yan Dimokurat uku ne, Jonathan Barfield da Rob Zapple da Julia Olson-Boseman, 'yan Rifablikan biyu, Woody White da Pat Kusek. A ƙuri'ar farko ta 16 ga Satumban 2019, wadda ta bayyana niyyar sayarwa, Olson-Boseman ta bar 'yan jam'iyyarta ta bi 'yan Rifablikan, aka tashi uku da biyu. A watan Disamba ta zama shugabar majalisar. Barfield, wanda ya ce a'a da farko, ya sauya ra'ayi ya amince da Novant a ƙuri'ar 13 ga Yulin 2020 da ta 5 ga Oktoba. Zapple ne kaɗai ya tsaya kan bakansa har ƙarshe. Daga waje kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sukar cinikin shi ne ma'ajin jihar na lokacin, Dale Folwell, wanda ɗan Rifablikan ne da ya daɗe yana yaƙi da haɗewar manyan asibitoci. Wanda ya zo da tabaran jam'iyya don karanta wannan rikici zai fita bai fahimci komai ba.

Lokacin da aka zaɓa shi ne walakin. Kujeru uku cikin biyar suna gaban masu zaɓe ranar 3 ga Nuwamba, White da Kusek kuma ba su sake tsayawa takara ba. Ke nan mutum biyu cikin huɗun da suka amince ba wanda zai iya hukunta su da ƙuri'a. Masu adawa suka ce a jira sabuwar majalisa, wata guda ba zai kashe kowa ba. Masu goyon baya suka ce an shafe fiye da shekara ana tattaunawa, mai saye ba zai yi ta jira ba. Duk wannan kuma a tsakiyar annobar korona, lokacin da aka taƙaita taruka, mutane na fama da kansu. Ƙungiyar Save Our Hospital, wato a ceci asibitinmu, ta garzaya kotu neman a dakatar, alƙali bai amince ba. Stein ya duba takardun, ya ƙara wasu sharuɗɗa, ya ce ba zai hana ba, yana mai nuna cewa ikon da doka ta ba shi a irin wannan ciniki ba shi da yawa. Ranar 1 ga Fabrairun 2021 bakin alƙalami ya bushe.

Yanzu ga batun jaridu, kuma a Wilmington wannan ba ƙaramin batu ba ne. Gari ne da ya taɓa ganin jarida ta zama makami a zahiri. A 1898 shi ne birni mafi girma a jihar, baƙaƙe sun fi yawa, kuma suna riƙe da muƙamai a gwamnatin haɗaka. Jaridar News & Observer ta Josephus Daniels da ke Raleigh, tare da jaridun cikin gari irin su Messenger da Morning Star, suka shafe watanni suna hura wutar ƙiyayya da zane-zane da labaran tsoratarwa kan maza baƙaƙe. Ranar 10 ga Nuwamba, kwana biyu bayan zaɓe, gungun fararen fata ɗauke da bindigogi ƙarƙashin Alfred Waddell suka ƙona ofishin Daily Record, jaridar baƙaƙe ta Alexander Manly, suka kashe gomman mutane, suka tilasta wa zaɓaɓɓun shugabannin birnin yin murabus, Waddell ya zama magajin gari. Daniels kuwa daga baya har sakataren sojan ruwa na Amurka ya zama. Sai a 2006 News & Observer ta fito ta nemi gafara. Morning Star ɗin nan ita ce kakar StarNews, babbar jaridar garin a yau. Don haka idan dattijo baƙar fata a Wilmington ya ce bai yarda da abin da ya karanta ba, ba daga sama ya tsinci shakkunsa ba.

Son kai na wannan zamani ba ya zuwa da wuta da bindiga, shi ya sa ya fi wuyar kamawa. A irin wannan ciniki yana fara shigowa ne ta kalma. Kwamitin mutum 21 da aka kafa don tantance masu tayi, sunan da aka raɗa masa shi ne kwamitin ba da shawara kan haɗin gwiwa. Takardar da majalisa ta zartar tana maganar niyyar sayarwa, saboda haka doka ta tanada, amma jami'ai a bakinsu haɗin gwiwa suke cewa, suna ƙarawa da cewa ana duba duk hanyoyi ne har da barin asibitin yadda yake. Ɗan jaridar da ya rubuta haɗin gwiwa a kanun labarinsa bai yi ƙarya ba, sunan kwamitin ya faɗa. Wanda ya rubuta sayarwa shi ma bai yi ƙarya ba, abin da ya faru ke nan a ƙarshe. Amma kowannensu ya riga ya ɗora mai karatu kan wata hanya tun kafin ya kai sakin layi na biyu.

Haka ma adadi. An yi ta ambaton cinikin a matsayin na dala biliyan 5. Yadda aka samo wannan shi ne an haɗa kuɗin sayen da wasu kuɗaɗe da kuma alƙawarin Novant na kashe kimanin biliyan 3 wajen gine-gine da kayan aiki a shekaru masu zuwa. Sai dai wa zai mallaki gine-ginen? Novant. Kuma daga ina kuɗin za su fito? Kaso mai tsoka daga abin da majinyatan yankin za su biya. Kamar mutum ne ya sayi gidanka, ya ce zai yi fenti ya sa tayil, sannan ya lissafa kuɗin fentin cikin abin da ya biya ka. Adadin biliyan 5 ya fi daɗin kanun labari, na biliyan ɗaya da rabi ya fi kusa da abin da aka miƙa hannu da hannu. A ganina duk editan da ya zaɓi na farko ba tare da ya warware shi ba ya yi wa masu sayarwa aiki kyauta, ko bai nufa ba.

Sai maganar talla. A garuruwan Amurka masu matsakaicin girma, asibiti na cikin manyan masu sayen talla a jarida da talabijin, kuma shi ke ɗaukar nauyin taruka da bukukuwan gari. Ba sai an buga wa edita waya ba. Wanda ya ci ladan kuturu ya san akwai aski a gaba. Wannan ba hujja ba ce ta cewa an saye wani ɗan jarida a Wilmington, kuma zalunci ne a jefi mutum da zargi don kawai zargin ya yi kama da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne mai karatu yana da haƙƙin sanin wa ke biyan kuɗin takardar da ke hannunsa.

Amma abin da ya fi duk waɗannan illa, kuma mutane ba su cika kiransa son kai ba, shi ne ƙarancin hannu. StarNews ta taɓa zama mallakar kamfanin New York Times. A 2012 aka sayar da ita ga Halifax Media, a 2015 ta koma GateHouse, a Nuwamban 2019 kuma, daidai lokacin da kwamitin asibiti ya fara zama, GateHouse ya haɗe da Gannett, haɗewar da tun farko aka ce manufarta rage kashe kuɗi. Abin dariya ne mai ɗaci: jaridar da aka sayar sau da dama ga kamfanonin nesa ita ce ake so ta tantance wa jama'a ko ya dace a sayar da asibitinsu ga kamfanin nesa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Rahoton da Penny Abernathy ta Jami'ar Karolina ta Arewa ta fitar a 2020 ya ce Amurka ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jaridunta tun daga 2004, wajen 2,100. Ka ɗauki ɗan jarida guda da aka ɗora wa majalisar gunduma da kotu da makarantu, a ba shi yarjejeniya mai ɗaruruwan shafuka da manyan lauyoyi suka tsara. A gefe guda ga ofishin hulɗa da jama'a da taƙaitaccen bayani a shirye, a ɗaya gefen ga 'yan sa-kai da kwalaye a hannu suna ihu a bakin ƙofa. Komai adalcinsa, labarin zai fito da ɓangare ɗaya yana magana da alƙaluma, ɗayan yana magana da fushi.

Duk da haka Wilmington ta fi garuruwa da yawa sa'a. Akwai gidan rediyon jama'a na WHQR, da jaridar intanet ta Port City Daily, da tashoshin talabijin na WECT da WWAY, da jaridar 'yan kasuwa, kuma sun bi zancen, wani lokaci ma da naci. A Asheville sai da wasu tsofaffin 'yan jarida masu ritaya suka kafa Asheville Watchdog a 2020 kafin aka fara tono yadda aka ƙulla cinikin Mission, bayan aikin gama ya gama. A Wilmington ma an ga amfanin 'yan jarida a tsakiyar 2022, lokacin da labari ya fito cewa wata tsohuwa ta rasu bayan ta shafe sa'o'i tana jira a sashen gaggawa, masu bincike suka gano ƙarancin ma'aikatan jinya, hukumar tarayya ta yi barazanar yanke kuɗin Medicare, har sai da asibitin ya yi gyara aka janye barazanar a watan Agusta. Masu adawa suka ce ga abin da muka faɗa. Novant ya nuna cewa ƙarancin ma'aikatan jinya bayan korona ya shafi ƙasar baki ɗaya, kuma hakan gaskiya ne. Wanda ya ɗora laifin duka kan cinikin ya yi son kai, wanda ya wanke cinikin tas shi ma ya yi.

Inda nake ganin hankalin kowa ya makara zuwa shi ne inda kuɗin suka tafi. An ware dala miliyan 300 a matsayin ajiyar ko-ta-kwana ta gunduma, da miliyan 50 don lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye. Kaso mafi tsoka kuwa, kimanin dala biliyan 1.25, an zuba shi ne a sabuwar gidauniya mai suna New Hanover Community Endowment. (Idan ka haɗa ka ga ya haura biliyan ɗaya da rabi, dalili shi ne an haɗa da kuɗin da asibitin ya tara a ajiya.) Tsarinta kamar waƙafi ne: uwar kuɗi tana nan ana juya ta, ribar ake rabawa ga harkar ilimi da lafiya da tsaro da raya al'umma. Tunani ne mai kyau, don ya hana majalisa guda ta cinye dukiyar shekara hamsin a wa'adi ɗaya. Sai dai gidauniyar an kafa ta ne a matsayin cibiya mai zaman kanta, ba ta ƙarƙashin dokar da ke tilasta wa hukumomin gwamnati yin taro a fili da ba da takardu ga duk wanda ya nema. Dukiyar da jiya ɗan jarida ke iya bin diddiginta da takardar neman bayani, yau sai abin da aka ga damar faɗa masa.

Kujerun hukumar gidauniyar 13 ne. Kwamishinoni na naɗa biyar, ɓangaren asibitin da ke ƙarƙashin Novant na naɗa shida, sauran biyun kuma Stein ne ya sa aka ƙara su, tare da sharaɗin a riƙa zama da jama'a sau biyu a shekara ana sauraronsu. Wato mai saye ya biya kuɗi, sannan ɓangarensa ya fi mai sayarwa yawan kujeru a teburin da ake raba ribar kuɗin. Spence Broadhurst, ɗaya daga cikin shugabanni biyu na kwamitin da ya ba da shawarar a zaɓi Novant, shi ya zama shugaban gidauniyar na farko. White da Kusek kuma, waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar sayarwa suka bar majalisa ba su sake fuskantar masu zaɓe ba, daga baya majalisar gundumar ta naɗa su dukansu biyun a hukumar gidauniyar.